Gradle ya ƙi haɗa manhajarka? Kurakuran da na fi gani a Gombe

Da zarar zangon ƙarshe ya matso, ɗalibai kan fara sallama a ɗan shagona da ke Tudun Wada, laftof a rungume, fuska a murtuke. Wasu daga Jami'ar Jihar Gombe, wasu har daga Kashere. Kukansu ɗaya ne: "Yaya, jiya yana aiki, yau ya ƙi." Da wuya in tarar da laifin a cikin abin da suka rubuta da hannunsu. Galibi matsalar tana saitin Gradle, wato manhajar da Android Studio da Flutter ke sa wa ta tattaro kayan aiki, ta haɗa su, ta fitar da APK ɗin da za a saka a waya. Abin da ke ci mini rai shi ne, kafin su iso, da yawa sun riga sun goge Android Studio sun sake saukewa, sun ƙona datar dubban naira, alhali gyaran bai wuce layi ɗaya ba.

Tushen abin shi ne ba a karanta saƙon kuskuren da Gradle ke fitarwa. Jan rubutu ya cika allo, gaba ya faɗi, sai a kwafi "BUILD FAILED" a tafi Google da shi. Wannan layin ba ya faɗin komai sai cewa aiki bai yiwu ba. Dalilin yana sama kaɗan, ƙarƙashin inda aka rubuta "What went wrong". Idan bai gamsar da kai ba, ka buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, a cikin foldar aikin, mai Flutter kuma ya shiga foldar android, ka rubuta gradlew assembleDebug --stacktrace. Ka karanta a natse kafin ka taɓa komai.

Mafi yawan abin da za ka gani a nan rigimar sigogi ce. Abubuwa uku ke ɗauke da aikinka kamar duwatsun murhu: Java, da Gradle kansa, da filogin ɗin Android da ake kira AGP, wato ƙarin da ke ba Gradle damar haɗa manhajar Android. In ɗaya ya ɗara sauran tsawo, tukunya ta karkace. Sigar Gradle tana cikin gradle-wrapper.properties, a layin distributionUrl. Ta AGP tana cikin babban build.gradle ko settings.gradle, a sababbin ayyuka kuma libs.versions.toml. Javar da ake amfani da ita kuwa, gradlew --version zai nuna maka.

Ga abin da ya kamata ka riƙe. AGP 7.0 yana buƙatar Java 11. AGP 8.0, wanda ya fito a 2023, ba ya tashi sai da Java 17 da Gradle 8.0 ko sama. Ta ɗaya ɓangaren kuma, tsohon Gradle bai san sabuwar Java ba: sai daga 7.3 yake gudana a kan Java 17, sai daga 8.5 a kan Java 21. Yadda abin ke faruwa a nan kuwa sananne ne. Ɗalibi ya samo aikin 2020 a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, ya buɗe shi da sabon Android Studio wanda ya zo da sabuwar Javarsa, sai ga "Unsupported class file major version 65". Kada lambar ta ruɗe ka, ka cire 44 daga cikinta. 65 ta zama 21, 61 ta zama 17, 55 ta zama 11. Gradle yana ce maka ne an ɗora shi a kan Javar da ta fi ƙarfinsa.

Mafita biyu ce: ko ka ɗaga Gradle da AGP, ko ka saka tsohuwar Java ka nuna wa Android Studio ita a saitin Gradle JDK. Shawarata, in saura kwana uku ka gabatar da aikinka gaban malamai, ka koma tsohuwar Java, ka bar sauran yadda suke. In kana da lokaci, ɗagawa ta fi, kuma AGP Upgrade Assistant da ke cikin Android Studio zai rage maka wahala. Ka kuma sani cewa Android Studio yana amfani da tasa Javar, taminal kuma yana bin JAVA_HOME, saitin da ke nuna inda Java take a kwamfutarka. Shi ya sa aiki ɗaya zai haɗu a nan ya ƙi a can, har mutum ya fara zargin kwamfutarsa.

In ka ɗaga, tsofaffin layuka za su fara ƙorafi ɗaya bayan ɗaya, duk kuma masu sauƙi ne. An cire kalmar compile a Gradle 7.0, ka mayar da ita implementation. AGP 8 yana son namespace, wato layin sunan fakitin manhajarka, a cikin build.gradle na app. Rumbun JCenter kuwa, inda Gradle ke ɗebo kayan aiki a da, tun 2021 aka sanar da rufe shi, don haka ka musanya jcenter da mavenCentral. Sai dai ka gyara ɗaya, ka gwada, sannan ka wuce na gaba. Wanda ya sauya wuri biyar a zama ɗaya ba zai san wanne ya yi magani, wanne ya ƙaro ciwo ba.

Akwai kuma waɗanda yanayinmu ke haifarwa, waɗanda masu koyarwa a YouTube ba sa ambata domin ba su san su ba. Karon farko da ka buɗe aiki, ana sauke Gradle ɗin da ya nema, kuma ya haura megabait 100. Ana tsaka da haka sabis ya yanke, ko a ɗauke wuta batir ya mutu, sai a bar ka da rabin fayil. Daga nan kullum sai "zip END header not found". Sake girka Android Studio ba ya taɓa wannan, domin gurɓataccen fayil ɗin yana wani wuri daban: foldar .gradle da ke ƙarƙashin sunanka a Users, cikin wrapper, cikin dists. Ka goge foldar wannan sigar kaɗai, ba duka .gradle ba, in ba haka ba duk abin da ka taɓa saukewa ya tafi. Ka zaɓi sigar da ta ƙare da bin maimakon all, ta fi ƙanƙanta. In abokinka yana da ita da distributionUrl iri ɗaya, ka kwaso tasa a filash. Bayan komai ya sauka, ƙara --offline a umarnin gradlew zai hana Gradle leƙa intanet.

Tun da an ambaci filash: fayil ɗin local.properties yana ɗauke da adireshin SDK, wato kayan haɗa manhajar Android, na kwamfutar mai shi. In ka karɓi aiki daga wani ka ga "SDK location not found", ka gyara layin sdk.dir ya nuna naka. Kada ka tura wannan fayil ɗin Git, ma'ajiyar da ake raba aiki da wasu ta cikinta.

Masu laftof na hannu mai RAM 4GB, ku yi hattara da shawarar saka Xmx4096m, wato ware wa Gradle RAM 4GB, a gradle.properties. Ka ba Gradle duk abin da kake da shi ke nan, kwamfutar za ta sandare. Ka tsaya a 1536m ko 2048m, ka rufe Chrome, ka gwada a wayarka ta gaske maimakon ta cikin kwamfuta. Gradle kan ci gaba da zama a ɓoye har awa 3 bayan ka gama, gradlew --stop ne ke sallamarsa.

Wata ɗaliba daga Pantami ta taɓa zuwa da aikin da na kusan awa guda ina juyawa. Sigoginta daidai, sabis lafiya. Ashe foldar ta sa wa suna "Aikin Ƙarshe", da ƙa mai lanƙwasa, yadda Hausa ta tanada. A Windows, AGP yana ƙin adireshin da ke da haruffa irin su ƙ, ɗ da ɓ, yana cewa "Your project path contains non-ASCII characters". Na so a ce kayan aikin nan suna karɓar haruffanmu, kuma ban ji daɗin gaya mata ta cire ba. Akwai layin android.overridePathCheck da ke rufe bakin gargaɗin, amma ba ya kawar da dalilinsa. Muka mayar da aikin cikin C, babbar ma'ajiyar kwamfutar, a folda mai suna ayyuka, ba lanƙwasa ba tazara. Ta danna, muka zuba ido, kafin a kira La'asar manhajar tana cikin wayarta.