Darasi na Bakwai: Me Ke Sa Jiki Ya Zabura Kafin Mutum Ya Yi Tunani?

Manomi a Mai Wurno ta ƙasar Sudan yana ratsa gonar dawa da magariba, sai ya hangi wani dogon abu kwance cikin ciyawa. Kafin ya ce uffan ya yi tsalle baya, gabansa na dukan uku-uku. Da ya duba da kyau, ashe igiya ce.

Ga yadda abin ya faru. Abin da ido ya gani yakan fara isa wani zango a tsakiyar ƙwaƙwalwa, sunansa talamus. Daga nan saƙon ya rabu biyu. Ɗaya ya bi gajeriyar hanya zuwa amigdala, wasu 'yan curi biyu kamar ƙwayar gyaɗa, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Amigdala ba ta jiran bayani. Nan take za ta taɓo haifotalamus, wani ƙaramin sashe da ke ƙarƙashin talamus, shi kuma ya umarci wasu halittu da ke saman ƙoda su zubo sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, baki ya bushe, gumi ya karyo. Wani sashe can ƙasa, wajen tushen ƙwaƙwalwa, shi ke sa mutum ya ruga ko ya sandare.

Saƙo na biyu yana bin doguwar hanya ta ɓawon ƙwaƙwalwa. Sashen da ke bayan goshi ya auna lamarin, sannan ya kwantar da amigdala. Joseph LeDoux, wani masani a Amurka, ya bi sawun waɗannan hanyoyi biyu a jikin ɓeraye.

Wannan darasi ya shafe mu ƙwarai. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, akwai masu firgita da ƙarar ƙofa ko ta babur. Amigdalarsu ta haddace ƙarar harbi, kuma ba ta saurin mantuwa. Wallahi zalunci ne a kira irin wannan mutum matsoraci ko mai raunin imani.

Idan ɗanka ko matarka ta firgita, zaunar da ita. Yi magana a hankali, ka faɗa mata inda take. Ta ja numfashi, ta sake shi sannu-sannu, domin dogon fitar numfashi na rage gudun zuciya. In rashin barci da munanan mafarkai suka wuce wata guda, a nemi likita.

Aiki: rubuta a littafinka abubuwa uku da jikinka ke yi idan ka tsorata.