Yadda Ake Bambanta Tsohon Agogon Hannu na Ainihi da Jabu

Wanda zai sayi tsohon agogon Rolex, Omega ko Patek Philippe ya fara da tambayar shekarar da aka ƙera shi, domin sauran binciken duka a kanta ya rataya: kowane sashe na agogon dole ne ya dace da wannan shekara. Jabun da aka yi da ƙarfe mai araha ba ya wuyar ganewa. Wanda yake cin ƙwararru shi ne agogon haɗe-haɗe, inda ake ɗauko injin wannan da fuskar wancan a zuba su cikin jikin na uku. A watan Nuwamba na 2021 an yi gwanjon wani Omega Speedmaster na 1957 a Geneva kan fiye da faran miliyan 3, kuɗin ƙasar Suwizalan, sai a 2023 kamfanin Omega ya bayyana cewa haɗe-haɗe ne, alhali shi da kansa ya saye shi.

A fara da lambobi. A tsohon Rolex, idan aka kwance sarƙar, za a ga lambar samfuri a jikin ƙarfen ta wajen ƙarfe 12, lambar da ta keɓanta da agogon shi kaɗai kuma ta wajen ƙarfe 6, an sassaƙa su da kaifi suna walƙiya idan an karkata su ga haske. Rubutun jabu yakan fito dishi-dishi kamar an goge shi da yashi. Sai wajen 2005 Rolex ya fara rubuta lambar agogon a zoben da ke cikin gilashi, saboda haka agogon da aka ce na 1975 ne kuma yana ɗauke da wannan rubutu ya tona asirin kansa. Shi kuwa tsohon Omega, lambarsa a jikin inji take.

Fuskar agogo ita ce inda ya kamata mai saye ya daɗe, da madubin ƙara girma a hannunsa. Ya dubi haruffan ɗaya bayan ɗaya, ko tawada ta malala, ko tazarar da ke tsakaninsu ba daidai take ba. Sannan ya dubi ɗan rubutun da ke can ƙasa. Daga farkon shekarun 1960 zuwa wajen 1998, sinadarin da ke sa agogo haske cikin duhu shi ne tiritiyom, kuma alamarsa ita ce harafin T, kamar a "T SWISS T". Ƙarfin wannan sinadari yana raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, launinsa kuma yana komawa kamar na madara ko ruwan ƙasa-ƙasa. Don haka idan aka haska irin wannan agogo da tocila, aka shiga da shi ɗaki mai duhu, ya ci gaba da haske shar na tsawon lokaci, to an sake masa fenti ko an canza fuskar. Launin hannayen agogon kuma ya yi kusa da na ɗigon sa'o'i, tun da tare suka tsufa.

Akwai maganganu biyu da ake yawan yi waɗanda ni ban yarda da su ba. Ta farko ita ce wai hannun sakan na Rolex ba ya tsalle. Gaskiya ne injin da ake wanawa yana matsar da shi sau 5 zuwa 8 a sakan guda, har ya zama kamar sulalewa yake yi, amma masu jabu sun daɗe da kwaikwayon haka, kuma Rolex Oysterquartz da ya fito a 1977 da batir yake aiki, yana tsalle sau ɗaya a sakan. Ta biyu ita ce wai nauyi shaida ne, alhali sarƙar tsohon Rolex ba ta da nauyi, har ƙara take yi idan an girgiza ta.

Idan na zinariya ne mai karat 18, a nemi lamba 750 da hatimin Suwizalan, wanda kafin 1995 hoton kan mace ne, daga baya ya koma hoton kan kare.

Kwali da takardu suna ƙara daraja, sai dai su ma ana buga na jabu, kuma an fi sauƙin buga takarda a kan ƙera inji. Saboda haka kafin kuɗi su bar hannu, a kai agogon wurin mai gyara wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ya buɗe murfin baya da makullin da ya dace, ya karanta lambar injin da rubutun cikin murfin, ya gwada su da samfurin da shekarar. Idan mai sayarwa ya ƙi yarda a buɗe, a mayar masa da agogonsa.