Darasi na Tara: Kayan Kwanan Daji Ga Sabon Shiga

Wasu kan bar gari su je daji su kafa tanti, su kwana ɗaya ko biyu don hutawa da buɗe ido. A Arewa, gandun dajin Yankari da ke Jihar Bauchi ya yi fice wajen masu irin wannan yawo. Tun 1962 aka buɗe shi ga jama'a, kuma a can ne ruwan ɗumi na Wikki yake. Amma ko a can ba a kwana inda aka ga dama, ma'aikatan gandu ne ke nuna wuri. In wani dajin za ku, ku fara ganin mai unguwa, ku tambayi lafiyar wurin, sannan ku gaya wa mutanen gida ranar dawowarku.

Sabon shiga yakan kashe kuɗinsa a kan tanti mai tsada, ya manta da ruwa. To, ruwa ne kan gaba. Ku tanadi lita 5 ga kowane mutum a kowace rana, don sha da girki. Alwala da wanke-wanke ba sa cikin wannan lissafin, su ma a yi musu tanadi. In ruwa ya ƙare har ta kai ku ga rafi, ku tace da ƙyalle mai tsabta, ku dafa shi ya tafasa sosai na minti 1 kafin a sha. Ku riƙe gishiri da sukari saboda gudawa: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A shafe bakin cokalin, kada a yi masa tozo.

Wurin kwana ba ya buƙatar kayan kanti da yawa. Wanda ba shi da tanti, tamfol da igiya da turaku sun wadatar. Tabarma, bargo, da gidan sauro mai magani, duk akwai su a gida. Ku dai ɗauki bargon da muhimmanci. Da rani ake wannan tafiya, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba a fili ba irin na ɗaki ba ne, har ƙashi yake shiga. Duk da haka kada ku kuskura ku shiga da kaskon gawayi cikin tanti. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Kowa ya riƙe tocilarsa da batir na ƙari, kada a dogara da fitilar waya. Takalmi ya zama rufaffe, silifas na zuwa alwala ne kawai. Da safe kafin ku sa ƙafa, ku kifa takalmin ku kaɗe shi a jikin dutse, domin kunama tana son lungu mai duhu. In maciji ya sari wani, musamman kububuwa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A hana shi tafiya, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibitin da ya ƙware a wannan aiki.

Abinci kuwa a nemi wanda ba ya lalacewa: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, kilishi, ganyen shayi. Ku haɗa da tukunya, wuƙa, adda, buta, da ashana a ƙulle cikin leda. A zuba abincin a mazubi mai murfi. Birran Yankari ba su da kunya ko kaɗan, har jaka sukan wafce a gaban mai ita. Kafin ku tashi, ku kashe wuta da ruwa, ku rufe tokar da ƙasa, ku kwashe ledojinku.

Aiki
1. Mutum 4 za su yi kwana 2 a daji. Lita nawa ta ruwan sha da girki za su ɗauka? Jarka nawa ke nan mai cin lita 20?
2. Me ya sa ba a shiga da gawayi cikin tanti?
3. Ku rubuta sunayen kaya 5 daga wannan darasi waɗanda kuke da su a gida yanzu.