Darasi na Tara: Ciwon Kai da Sashen Gaggawa na Asibiti

Yawancin masu zuwa sashen gaggawa da ciwon kai ba wata mummunar cuta ce a ƙwaƙwalwarsu ba. Ciwon ɓarin kai ne ya fi kai su. Wannan ciwo yakan kama gefe ɗaya, yana bugawa, da tashin zuciya, mutum ba ya son haske ko hayaniya. Yakan ɗauki awa 4 zuwa 72, kuma ya fi damun mata.

Me ke sa mai shi ya garzaya asibiti? Sau da yawa jinkiri ne: ya bari sai ciwon ya yi ƙarfi kafin ya sha magani, sannan amai ya fara, ƙwayar ba ta zama a ciki. Wanda ba shi da likitan da ke duba shi a kai a kai, da mai fama da damuwa ko fargaba, da wanda kansa ke ciwo kwana 15 ko fiye a wata, su ma sun fi yawan zuwa.

Akwai tarkon da mutane ba su cika sani ba. Shan farasitamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, sama da wata 3, shi kansa yana haddasa ciwon kai. Masu ƙarfi irin su tramadol da kodin, kwana 10 ma sun isa. Mutum yana ƙara ƙwaya, ciwo yana ƙara dawowa. Babba kada ya wuce ƙwaya 8 na farasitamol mai miligiram 500 cikin awa 24, kuma ya bar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha, don wuce kima yana lalata hanta.

Amma wasu alamu ba a jira da su ko kaɗan:

Ciwon da ya faɗo lokaci guda, ya kai maƙura cikin minti ɗaya. Yana iya zama jijiya ce ta fashe a kai.

Zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya, alamar sanƙarau.

Karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, harɗewar harshe, ruɗewa ko jijjiga.

Ciwon kai bayan buguwa a kai, musamman in akwai amai ko yawan barci.

Mai ciki da ta wuce mako 20, ga ciwon kai, ga kumburin fuska, ga dishi-dishin gani. A auna hawan jininta nan take, 140/90 ko sama da haka abin dubawa ne.

Sabon ciwon kai ga wanda ya haura shekara 50 ma likita ya gani da wuri.

Aikin gida: samu takarda, ka riƙa rubuta ranar da kai ya yi ciwo, awa nawa ya ɗauka, da ƙwaya nawa ka sha. Bayan wata ɗaya ka ƙirga kwanakin, ka kai wa ma'aikacin lafiya.