Darasi na 7: Girkin rage ƙiba ba dole ya zama salam ba

Iyaye da yayye, wanda likita ya ce ya rage ƙiba saboda ciwon suga ko hawan jini, yawanci ba yunwa ce ke kayar da shi ba, rashin ɗanɗano ne. A yi sati ana ba shi abinci salam, sai ki gan shi da la'asar a wajen mai awara yana cewa a ƙara yaji. Shi ya sa yau za mu duba yadda tukunya za ta yi daɗi ba sai an malale ta da mai ba.

Mu fara da man. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori, wato ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci, wajen 120, mu kuwa a Kano da ludayi muke zubawa, wai miya ba ta yi ba sai mai ya taso sama. A ajiye ludayi a ɗau cokali a riƙa aunawa. Magi ma mafi yawansa gishiri ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da na cikin magin ake lissafi fa.

To me zai cike gurbin? Daddawa da kayan ƙamshi. Ki shiga kasuwar Kurmi ko Rimi ki sayi citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa da kurkum, amma ki sayi ƙwayarsu kar ki kwaso gari da yawa don ƙamshinsa guduwa yake. Ki ɗora busasshen kasko a wuta kaɗan, ki zuba masoro da kanumfari kina juyawa, da kin ji ƙamshi ya bugi hanci ki sauke kar su ƙone, ki daka a turmi ki zuba a kwalba mai murfi. Kimba kuma ki fasa ki zubar da 'ya'yan, su ne masu ɗaci, ɓawon ake so. Kanumfari uku ko huɗu sun ishi tukunya guda, in ya yi yawa kowa sai ya gane.

Ga girkin gwaji, farfesun tarwaɗa maimakon soyawa. Ki wanke kifin da ruwan zafi da lemun tsami har yauƙin ya fita, ki jajjaga attaruhu, albasa, tafarnuwa da ɗanyar citta, ki tafasa su da daddawa da garin da kika daka, sannan kifin ya shiga a rage wuta, kar ki sa ludayi kina juyawa zai dagargaje, girgiza tukunyar kawai. Ganyen ɗoɗɗoya a ƙarshe. Ko ɗigon mai ba a sawa. A faranti rabi ya zama ganye, kwaɗon zogale ko rama ko kabeji daga kasuwar Yankaba, ƙuli-ƙuli kaɗan, tuwo ko dafaffiyar acca kuma kwata.

Zoɓo ma a gwada shi ba suga, a dafa da citta, kanumfari da ɓawon abarba da aka wanke tas. Mai ciki da mai shan maganin hawan jini su fara tambayar likita.

Sai maganar masu tallan shayin narka tumbi a Facebook, ni dai ban yarda da su ba. Citta da kirfa ba sa narka kitse, aikinsu su sa abinci mara mai ya ciwu kullum ba a gaji ba, sauran kuma rage loma ne da tafiyar ƙafa.

Aikin gida: kowa ya rubuta sunan kayan ƙamshi biyar a littafinsa da kuɗin da ya sayi kowanne, ya haɗa jimla, a zo da shi ranar aji.