Yadda ake sauya adireshin imel na shiga asusu ba tare da asusun ya kuɓuce maka ba

Duk ranar da aka danna maɓallin manta kalmar sirri, yawancin shafuka ba sa yin dogon bincike. Suna aika mahaɗin sabunta kalmar zuwa adireshin imel ɗin da ke kan asusun, shi ke nan. Don haka duk wanda ke iya buɗe wannan akwatin saƙon, asusun yana hannunsa ko bai san kalmar sirrin ba. Wannan ne ya sa sauya imel na shiga yake buƙatar a bi shi daki-daki. Aikin kansa bai fi minti goma ba, amma idan aka saki tsohon adireshi kafin a tabbatar sabon yana aiki, ana iya rasa asusun gaba ɗaya. Ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan tulu.

Fara gane wane imel ne kake son sauyawa

Asusu ɗaya yana iya ɗaukar imel iri uku. Akwai na shiga, wanda kake rubutawa tare da kalmar sirri. Akwai na ceto, wanda ake aika wa lamba idan ka kasa shiga. Akwai kuma na sanarwa, inda rasit da labarin sabbin abubuwa ke zuwa. A wasu shafukan adireshi ɗaya ne ke yin duk aikin, a wasu kuma kowanne da gurbinsa. Mutane da yawa suna sauya na sanarwa su ɗauka sun gama, sai ranar da suka zo shiga da sabon adireshin a ce musu ba a san shi ba.

Sannan ka tuna yadda ka buɗe asusun tun farko. Idan maɓallin "ci gaba da Google" ko na Apple ko na Facebook ka danna, to wataƙila ba ka da kalmar sirri a wannan shafin sam, domin wancan kamfanin ne ke tsaya maka shaida duk lokacin da za ka shiga. A irin wannan, sai ka fara saita wa asusun kalmar sirri tasa ta kansa, ka sauya imel ɗin, ka gwada shiga da su, sannan ka cire haɗin da ke tsakaninsa da Google ko Apple. Idan ka fara da cire haɗin, ƙofar da kake bi ce ka toshe.

Shirin da ake yi kafin a taɓa komai

Ka gwada sabon adireshin. Aika masa saƙo daga wani wuri ka ga ya iso. Ka ba shi kalmar sirri mai tsawo wadda ba ka amfani da ita a ko'ina, ka kunna masa tantancewa mai mataki biyu, wato neman wata lamba daga wayarka bayan kalmar sirri. Babu amfanin ɗauke asusu daga akwatin da ba shi da tsaro a kai shi wani irinsa.

Kada ka zaɓi imel na wurin aiki ko na makaranta don asusun da yake naka na kanka. Irin wannan adireshin mallakar hukumar ne, kuma ranar da ka bar wurin za su iya rufe shi ba tare da sun jira ka kwashe komai ba. Haka ma imel ɗin da kamfanin da ke sayar maka da intanet ya ba ka, yana iya tafiya idan ka daina hulɗa da su.

Ka tabbatar kana iya buɗe tsohon imel ɗin a yanzu, domin shafuka da dama za su aika lambar amincewa can kafin su yarda da sauyin. Ka tabbatar ka san kalmar sirrin asusun da kanka, ba wai burauza ce kawai ke cika maka ita ba. Idan asusun yana da tantancewa mai mataki biyu, wayarka ta kasance kusa. Lambobin da manhajar tantancewa (manhajar waya mai fitar da lambar shiga) ke bayarwa yawanci shida ne, kuma suna sauyawa duk daƙiƙa 30, saboda haka idan agogon wayarka ya karkace za a riƙa cewa lambar ba daidai ba ce, sai ka mayar da agogon ya riƙa saita kansa. Idan shafin yana ba da lambobin ajiya na ko-ta-kwana, waɗanda ake shiga da su idan wayar ba ta hannu, ka fitar da su ka rubuta a takarda.

Ka yi aikin a na'urar da ka saba shiga da ita, a kan intanet ɗin da ka saba, kuma ka kashe VPN, wato manhajar da ke sa a ga kamar daga wani wuri kake shiga intanet. Sauya imel daga baƙuwar na'ura, daga wata ƙasa daban, shi ne ainihin abin da masu kutse ke yi, kuma na'urorin tsaron kamfanoni suna iya kulle asusun saboda wannan kamannin.

Matakan sauyawa

Da farko, rubuta adireshin shafin da hannunka ko ka buɗe manhajarsa ta asali. Kada ka bi mahaɗin da ya zo cikin saƙon da ke cewa ka "sabunta bayananka". Ka shiga da tsohon imel kamar kullum, ka je saiti, ka nemi sashen asusu, ko bayanan kai, ko shiga da tsaro. Idan ba ka ga wurin a manhajar waya ba, ka duba ta burauza, don wasu kamfanonin a can kaɗai suke ajiye shi.

Na biyu, duba ko shafin yana barin a ƙara adireshi, ko kuwa maye gurbi kawai yake yi. Idan akwai damar ƙarawa, ita za ka zaɓa. Ta haka adireshi biyu za su zauna tare har ka gamsu da sabon.

Na uku, rubuta sabon adireshin a tsanake. A nan ne aka fi yin ɓarna. Harafi ɗaya ya juya, kamar a rubuta gmial maimakon gmail, ko con maimakon com, saƙon tabbatarwa ya tafi inda ba za ka taɓa ganinsa ba. Madannin waya kuma yakan ƙara fili a ƙarshen adireshi ko ya gyara maka kalma ba ka sani ba. Idan aka ce ka maimaita adireshin a gurbi na biyu, ka sake rubutawa da hannu, kada ka kwafo na farkon, domin idan akwai kuskure a ciki ka kwafo har da shi. Akwai kuma maganar ɗigo: Gmail ba ya la'akari da ɗigon da ke cikin sunan adireshi, saƙo zai iso ko da ɗigo ko babu. Amma sauran shafuka suna ɗaukarsu a matsayin adireshi biyu daban, don haka yadda ka rubuta shi yau haka za ka riƙa rubuta shi wajen shiga.

Na huɗu, za a nemi kalmar sirrinka ta yanzu, wataƙila da lambar waya ko ta manhaja. Ka ba da su a cikin shafin kawai. Babu ma'aikacin kamfani na gaskiya da zai kira ka ya ce ka karanto masa lambar.

Na biyar, buɗe sabon akwatin ka tabbatar. Ko dai lamba ce za ka kwafo, ko mahaɗi ne za ka danna. Idan mahaɗi ne, ka buɗe shi a burauzar da kake cikin asusun, domin idan ya buɗe a wata, wasu shafukan ba za su gane kai ne ba. Waɗannan lambobi da mahaɗai suna da wa'adi, wasu 'yan mintuna, wasu awanni. Kuma idan ka danna "sake aikowa", sau da yawa ta farko ta mutu, ta ƙarshe kaɗai ke aiki. Wanda ya danna sau biyar a jere zai sami saƙo biyar, ya yi ta gwada matattun lambobi har a dakatar da shi na ɗan lokaci. Ka danna sau ɗaya, ka jira minti biyar.

Na shida, idan ƙarawa ka yi, ka mayar da sabon adireshin ya zama shi ne babba. Ƙarawa kaɗai ba ta isa ba.

Na bakwai shi ne gwaji, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Kada ka fita daga asusun. Ka bar shi a buɗe, ka buɗe tagar sirri ta burauza (wadda ba ta tuna shigar da ka riga ka yi) ko wata na'ura, ka shiga da sabon imel. Idan ya shiga, ka sake gwada wani abu: nemi sabunta kalmar sirri, ka ga ko saƙon ya faɗo cikin sabon akwatin. Ba sai ka sauya kalmar ba, isowar saƙon kake son gani. Idan wani abu ya ƙi, har yanzu kana da buɗaɗɗiyar tagar farko da za ka gyara daga ciki. Sai bayan wannan ne za ka cire tsohon adireshin, idan ma akwai dalilin cire shi. Idan an taɓa yi masa kutse ko za a rufe shi, cire shi dole ne, kuma ka duba gurbin imel na ceto kada ya maƙale a can.

Inda manyan kamfanoni suka bambanta

A Microsoft, ana shiga account.microsoft.com, a ƙara sabon adireshi a matsayin laƙabin asusu, wato ƙarin adireshin shiga wannan asusun, a mayar da shi babba. Hattara a nan: idan ka cire laƙabin da ya ƙare da outlook.com ko hotmail.com, an goge shi ke nan har abada, ba za ka iya dawo da shi ba, kuma saƙon da aka aika masa ba zai iso ba. Shawararmu ita ce ka bar shi, ka hana shiga da shi kawai daga zaɓin shiga. Kuma idan ka cire duk bayanan tsaron da ke kan asusun lokaci guda ka sa sababbi, Microsoft na sa asusun cikin jiran kwana 30. Ka ƙara sabo ka tabbatar da shi kafin ka cire tsoho.

A Google, wurin yana myaccount.google.com, cikin bayanan kai, a sashen imel. Idan ka sauya imel ko lambar waya ta ceto, Google na iya ci gaba da ba da damar aika lamba zuwa tsohon har kwana bakwai. An yi haka ne don mai asusu ya iya ƙwato shi idan ɓarawo ne ya yi sauyin, don haka kada ka ɗauka sauyin bai shiga ba.

A Apple, ana yi a account.apple.com cikin sashen shiga da tsaro. Hotuna da manhajojin da ka saya ba sa zuwa ko'ina, tunda asusun ɗaya ne. Sai dai na'urorinka za su iya neman ka sake shiga. Facebook da Instagram kuwa sun haɗa nasu a cibiyar asusu ta Meta, kamfanin da ya mallake su, cikin bayanan tuntuɓa: a ƙara, a tabbatar da lamba, sannan a cire tsohon.

Idan abu ya cije

Saƙon tabbatarwa bai zo ba: ka duba akwatin tarkacen saƙonni da na tallace-tallace, ka nemi sunan kamfanin ta gurbin bincike, ka duba ko akwatin bai cika ba, domin cikakken akwati ba ya karɓar saƙo. Idan babu, koma saiti ka karanta adireshin da ka rubuta harafi-harafi.

An ce adireshin yana kan wani asusu: galibi kai ne ka taɓa buɗe wani da shi ka manta. Ka nemi sabunta kalmar sirri da shi, ka shiga wancan asusun, ka sauya masa imel ko ka rufe shi. Wasu shafukan ba sa sakin adireshin nan take bayan rufewa, sai an jira.

Tsohon imel ya riga ya kuɓuce: idan har yanzu kana cikin asusun a wata na'ura, kada ka fita, kada ka goge manhajar, kada ka share bayanan burauzar. Daga nan za ka ƙara lambar waya da sabon imel. Idan ba ka ciki, hanya mafi sauƙi ita ce ka fara ƙwato tsohon imel ɗin. In ya gagara, sai fom ɗin ceto na kamfanin, inda za a tambaye ka abubuwa kamar tsofaffin kalmomin sirri, lokacin buɗe asusu ko rasit na abin da ka saya. Masu tallan cewa za su dawo maka da asusu idan ka biya su, 'yan damfara ne.

Idan kuwa saƙo ya zo cewa an sauya imel ɗin asusunka alhali ba kai ka yi ba, ka yi gaggawa. Kamfanoni irin su Facebook da Instagram suna sa mahaɗin soke sauyin a cikin saƙon da suke aika wa tsohon adireshi. Ka fara duba adireshin wanda ya aiko da kyau, ka kuma gwada shiga ta shafin kai tsaye, tunda 'yan damfara ma suna ƙirƙirar irin wannan saƙon. Bayan ka dawo da asusun, ka sauya kalmar sirrinsa da ta imel ɗin kansa, ka fitar da duk na'urorin da ba ka sani ba.

Bayan an gama

Ka gyara sunan shiga a ma'ajiyar kalmomin sirri ta burauza ko ta waya, in ba haka ba za ta ci gaba da cika tsohon adireshin kana mamakin abin da ya hana ka shiga.

Idan ƙaura kake yi gaba ɗaya daga tsohon imel, ka bincika akwatinsa da kalmomin da kamfanoni ke sawa a saƙon maraba da na tabbatarwa da na rasit, ka fitar da jerin duk wuraren da ka yi rajista. Ka fara da asusun kuɗi da duk imel ɗin da tsohon adireshin ke zame wa na ceto, sannan shafukan sada zumunta, sannan saura. Ka saita tsohon ya riƙa tura saƙonni zuwa sabon, duk wanda ya biyo ta can ka san akwai asusun da ka manta.

Kada ka yi saurin rufe tsohon akwatin, ka ba shi aƙalla shekara guda, saboda wasu saƙonnin sau ɗaya suke zuwa a shekara, kamar na sabunta biyan kuɗi. Ka riƙa leƙa shi lokaci-lokaci, domin Google ya sanar a 2023 cewa zai iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. A 2013 kuma Yahoo ya saki adiresoshin da aka daina amfani da su don wasu su ɗauka, wato saƙon sabunta kalmar sirrin tsohon mai adireshi yana iya faɗawa hannun sabon. Haka abin yake ga mai imel a kan sunan shafinsa na kansa: idan rajistar sunan ta ƙare wani ya saya, zai iya karɓar duk saƙon da aka aika wa adireshin, don haka ko dai a ci gaba da sabunta rajistar, ko a kwashe duk asusun da ke kansa kafin wa'adin ya cika.