Darasi na Tara: Rubuta Takardar Ajiye Aiki

Mutum yakan bar aiki saboda dalilai da yawa. Wani ya samu inda ya fi albashi, wata aure ne ya ɗauke ta zuwa wani gari, wani kuma ya tara ɗan jari yana so ya koma kasuwa ko gona. Duk wannan ba laifi ba ne. Matsalar tana ga yadda ake tafiyar. Da yawa daga cikinmu mukan jira albashin ƙarshen wata ya shigo, sai a wayi gari ba a gan mu ba, in an kira waya a ji ta a kashe. Wanda ya yi haka ba a lissafa shi cikin waɗanda suka ajiye aiki, cikin waɗanda suka gudu ake sa shi. Ran da sabon wurin aiki ya ce ya kawo takardar shaida daga inda ya baro, ba shi da fuskar komawa ya nema.

Maganin wannan takarda ce guda ɗaya, wadda ba ta cika shafi ba. Babban aikinta shi ne ta faɗi ranaku biyu: ranar da ka sanar, da kuma ranar da za ka daina zuwa.

Kwana nawa ake bayarwa?

Ba a miƙa takarda yau a tafi yau. Ana ba wanda ya ɗauke ka aiki lokaci ya nemi wanda zai maye gurbinka, wannan lokacin shi ake kira notis. Kafin ka ɗauki biro, nemo takardar da aka ba ka ranar da aka ɗauke ka aiki, ka karanta ko a karanta maka. Sau da yawa an rubuta tsawon notis a ciki, misali wata ɗaya. In an rubuta, shi za ka bi.

In babu takardar, ko akwai amma ba ta ce komai ba, Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 11, ta yanka mafi ƙarancin lokaci ga ma'aikata irin su leburori, direbobi, masu gadi, masu shara da akawu. Wanda aikinsa bai wuce wata 3 ba, kwana ɗaya ne. Wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako ɗaya. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da shekara 5, mako biyu. Wanda ya yi shekara 5 ko fiye, wata ɗaya.

Akwai abu biyu a cikin wannan sashe da mutane kan manta. Na farko, duk notis da ya kai mako ɗaya dole ya kasance a rubuce. Faɗa wa oga da baki a bakin ƙofa bai wadatar ba, ko da ya ce "ba komai, Allah ya ba da sa'a." Na biyu, ranar da ka miƙa takardar ba ta cikin lissafi, daga washegari ake fara ƙirga. In kuma tafiyar ta gaggawa ce, doka ta yarda a biya kuɗin kwanakin a maimakon zaman notis. Sai dai kuɗin daga aljihun mai tafiya zai fita, don haka a yi lissafi tukuna.

Wannan ƙa'idar ta Najeriya ce. Ma'aikacin da ke Nijar ya tambayi ofishin sufeton ƙwadago na yankinsa, domin dokarsu daban ce.

Ga misali

Wani mai gadi ya yi shekara 3 a wata makarantar kuɗi a Zariya, ba a taɓa ba shi takardar ɗaukar aiki ba. Notis ɗinsa mako biyu ke nan. Ga abin da ya rubuta:

Unguwar ..............,
Zariya.
3 ga Maris, 2025.

Zuwa ga Shugaban Makaranta,
Makarantar ..............,
Zariya.

Ranka ya daɗe,

SANARWAR AJIYE AIKI

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in sanar da kai cewa zan ajiye aikina na mai gadi a wannan makaranta. Na ba da notis na mako biyu. Ranar aikina ta ƙarshe ita ce Litinin, 17 ga Maris, 2025.

Kafin ranar zan miƙa makullai, tocila da kayan aiki ga wanda ka umarta. Ina roƙon a biya ni albashin kwanakin da na yi a wannan wata, a kuma ba ni takardar shaidar aiki.

Na gode da amanar da aka ba ni tsawon shekara 3. Allah ya ƙara ɗaukaka makarantar.

Ni ne naka,
(sa hannu)
(cikakken suna)
(lambar waya)

Ku duba yadda aka tsara ta. Adireshin mai rubutu da kwanan wata ne a sama, sai muƙamin wanda aka rubuta wa. Muƙami aka sa ba suna ba, domin shugaba yana iya canjawa amma ofis yana nan. Jimlar farko ta faɗi maganar kai tsaye, ba a ɓata layi biyar ana gaida iyali da tambayar gajiya ba, wannan sai wasiƙar zumunci. Ranar ƙarshe kuwa an rubuta ta da rana da wata da shekara. Kada ka rubuta "ƙarshen wata" ko "bayan Sallah", domin kowa da yadda zai fahimce su.

Ma'aikacin gwamnati tsarinsa ya ɗan bambanta, takardarsa kan bi ta hannun shugabansa na kusa. Malamin firamare, misali, yakan rubuta wa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, ya ƙara layin "ta hannun Hedimasta" a ƙarƙashi.

Abin da ba ya shiga takarda

Mai gadin nan bai faɗi dalilin tafiyarsa ba, kuma ba dole ba ne ya faɗa. In kana so, layi ɗaya ya isa: "saboda dalilai na iyali" ko "zan koma karatu."

A nan ne zuciya kan ja mutane. Wanda aka daɗe ana ci wa fuska, ko ana jinkirta masa albashi, yakan ga ai ga dama ta samu, bari ya amayar da duk abin da ke cikinsa. Ya ambaci manaja, ya ambaci akawu, ya ce Allah ya isa. Wataƙila duk gaskiya ya faɗa. Amma magana zarar bunu ce, ta takarda kuwa ta fi, domin a fayil za a ajiye ta, wanda bai san komai a kan rigimar ba ya zo bayan shekaru ya karanta, abin da zai gani kawai shi ne mutum mai zagi. In kana bin bashin albashi, rubuta shi a fili ba tare da zafi ba: "Ina bin albashin watan Janairu da na Fabrairu, ina roƙon a biya ni kafin in tafi." Wannan layin hujja ce a hannunka. In an ƙi biya, akwai ofishin ƙwadago, akwai ƙungiyar ma'aikata, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Miƙa takardar

Wurare da yawa a Najeriya sun fi son takarda da Turanci, a Nijar kuma da Faransanci. Fara rubuta taka da Hausa, sannan ka sa wanda ka yarda da shi ya fassara, ya karanta maka abin da ya rubuta kafin ka sa hannu.

Yi kwafi biyu. Kai wa shugabanka da kanka, ka yi masa bayani da baki cikin ladabi, bai kamata ya fara jin labarin a bakin wasu ba. Ka roƙi wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafinka, da hatimin ofis in akwai. Wasu kan ji nauyin neman haka, su ga kamar rashin yarda ne. Ba haka ba ne, a ofis abu ne na yau da kullum. Kwafin nan shi zai tsaya maka in wata rana aka ce ba ka sanar ba. Saƙon WhatsApp yana iya zama ƙari, amma waya tana ɓata.

A kwanakin notis ka ci gaba da zuwa a kan lokaci. Ranar ƙarshe ka rubuta jerin kayan da ka mayar, katin shaida, makullai, yunifom, babur ko kuɗin ciniki, wanda ya karɓa ya sa hannu.

In ana cire maka kuɗin fansho, ba su ɓata don ka bar aiki. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, asusun naka ne, lambarsa kawai za ka ba sabon wurin aiki a ci gaba da zubawa. Wanda bai kai shekara 50 ba, ya kuma yi wata 4 bai samu wani aiki ba, yana iya neman a ba shi har kashi 25 cikin 100 na abin da ya taru.

Gargaɗi ɗaya: wani lokaci mai wurin aikin ne ke son sallamar mutum, sai ya ce masa "rubuta takardar ajiye aiki da kanka," ko ya miƙo wadda an riga an buga. Kada ka sa hannu nan take, kada ka dangwala yatsa. Haƙƙin wanda aka sallama da na wanda ya tafi don kansa suna iya bambanta. Ka ce a ba ka lokaci, ka kai wa wanda ya san dokar aiki ya duba.

Aikin yi

1. Wata mai shara ta yi shekara 6 a wani asibiti, ba ta da takardar ɗaukar aiki. Notis na tsawon wane lokaci za ta bayar?
2. Wani direba ya yi wata 10. Ya miƙa takardarsa ranar Laraba, 5 ga wata. Wace rana ce ta ƙarshe a aikinsa?
3. Gyara wannan jimla: "Na gaji da wulaƙancinku, daga gobe ba za ku sake ganina ba."
4. Kowa ya rubuta tasa takardar a littafinsa, ya ba na kusa da shi ya karanta da ƙarfi, a duba ko ranakun biyu sun fito.